Abin da Dada Ta Ce

Wata Laraba ce a cikin damina, shekarar da nake aji biyar na firamare, a gidanmu na Tudun Wada. An ɗauke ruwa ke nan, tsakar gida duk taɓo, akuyoyi sun rakuɓe a jikin katanga. Babana ya tsuguna a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, wadda muke kira Dada, ya ƙwala mini kira: "Sale, zo ka ji me take cewa."

Tun da ɓarin jikinta ya shanye harshenta ya yi nauyi, manya ba sa gane maganarta. Ni kuwa a ɗakinta na tashi. Muryarta ce ke tashina da asuba, ita ke aikena kai markaɗe, ita ke yi mini faɗa da Hausa da Fillanci in na bar kaji sun shiga shanyar masara. Ko rabin kalma ta furta, kunnena zai ƙarasa sauran. Haka na zama bakinta a gidan.

Ranar na ji ta sarai. Cewa ta yi a kai ta Kumo ranar Asabar ta ga ƙanwarta, Goggo Adama, don ta yi mafarkinta. Na san duk inda za a kai ta da ni za a tafi, ga shi Asabar ɗin muna da wasan ƙwallo da yaran unguwar Bolari, ni ne mai tsaron gida. Sai na ce, "Baba, kunun tsamiya take so." Dada ta maimaita, tana buga tabarma da hannunta mai lafiya. Na ce, "Wai mai zafi." Aka dama aka kawo, ta kau da kai, hawaye na gangarowa. Ƙanwata Jummai, 'yar shekara huɗu, wadda ita ma a gefen Dada take kwana, ta ce, "Kumo." Na harare ta, ta yi shiru. Bayan kwana tara aka aiko cewa Goggo Adama ta rasu. Dada ba ta tona ni ba. Ko da ta so, ta bakina za ta bi.

Yanzu 'ya'yana suna tura wa kakarsu saƙon murya ta waya, ta amsa musu kafin a sauke tukunya, ba mai tsayawa a tsakaninsu. Baba ya rasu bara yana shi mini albarka don na kula da mahaifiyarsa, ni kuwa ban taɓa faɗa masa gaskiya ba. Allah Ya yafe mini, Dada ba ta raye balle in roƙe ta.