Murhun Zumreta a Gaɓar Rafi

A unguwarmu ta kan tudu a Zenica, duk wanda ya san Baffa Ragib ya san mutum ne da bai yarda da komai ba sai ƙarfe. Tun yana saurayi yake aiki a masana'antar narka ƙarfe, har ya tsufa aka sallame shi da kunne ɗaya da ba ya ji. Ɗayan kuma lafiyarsa ƙalau, sai dai abin da ya ga dama yake ji da shi.

Bayan gidansa akwai rafi. Da rani ko kaza tana tsallake shi, amma in ƙanƙarar kan duwatsu ta narke, sai ya zo da fushi yana gatsar gaɓa. Kowa a unguwar da dabararsa: wani ya jera tayoyi, wani buhunan yashi. Baffa Ragib kuwa duk ƙarfen da ya gama aiki a gidansa, gaɓa yake kai shi ya danna da ƙasa. Ƙofar tsohuwar motarsa tana can. Keken ɗansa Edhem ma, tun da yaron ya tafi Sweden ya zama sai dai murya a waya, can ya koma.

Da matarsa Zumreta ta rasu, murhunta na ƙarfe ya zame masa ciwo. Murhun itace ne fari, a kansa ta yi girkin aurensu kaf. Ba ya iya kallonsa a sanyaye, ba ya iya sayar wa 'yan gwangwan. Wata safiya ya ja shi shi kaɗai har bakin ruwa, ya kafa shi daidai kwanar da rafin ya fi ci. Daga ranar kuwa gaɓarsa ba ta ƙara motsi ba.

"Har yanzu Zumreta ce ke riƙe da gidan nan," haka yake cewa. Kullum da hantsi zai sauka ya tsaya a kan wurin, hannu a baya, yana ba murhu labarin gari. Mu dai muna leƙe ta katanga muna danne dariya, ba wanda ya taɓa yi a gabansa.

Ana nan sai hukumar gari ta kawo aikin gyaran rafuffukan unguwanni. Za a kwantar da gaɓa, a jera ragar waya cike da duwatsu, a dasa itatuwa masu son ruwa. Amma rafin ta bayan gidajen mutane ya bi, katafila ba ta shiga sai mai gida ya yarda. A layinmu kuwa hanya ɗaya ce tal da za ta ɗauki motar: lambun Baffa Ragib.

Injiniyar da aka turo wata yarinya ce mai suna Almasa. Ta zo da takalman roba, ta gaishe shi da ladabi.

"Baffa, sai mun kwashe ƙarafan nan duka."

"Me kika ce? Kunnen nan ya mutu."

Ta zagaya ɗaya gefen ta maimaita.

"Wannan ma ya soma," in ji shi.

Ba ta yi fushi ba. Ta nuna masa da yatsa yadda ruwa ke dukan murhun, ya yi tsalle ya faɗa wa gaɓar tsallake. A tsallaken kuwa gidan Munevera yake, gwauruwa mai bakin tsiya, aminiyar marigayiya tun suna amare. Ruwa ya riga ya rarake ƙarƙashin kicin ɗinta.

"'Yata, je ki gyara na wasu," ya ce. "Nawa a gyare yake." Ya rufe ƙyaure.

Maƙwabta suka yi ta zarya. Liman ya zo ya koma. Edhem ya kira daga Sweden yana cewa, "Baba, tarkace ne fa," uban ya kashe waya. Munevera kaɗai ce ba ta roƙe shi ba. Ranar wata Juma'a ta leƙo ta taga ta ƙwala masa kira.

"Kai, mai kan ƙarfe! Zagayo ka ci gurasar pita, na ga ka rame kamar ƙusa."

"Taki da ba ta jin gishiri?"

"Zo dai, maras kunya."

Ya zagaya ta gada. Yana shiga kicin ya ji ƙafarsa tana gangarawa, daɓen ya karkata. Ta ajiye tiren pita a kan tebur, man da ke ciki duk ya taru a gefe guda, ɓangaren rafi. A bango ga tsaga, hannu yana shiga. Ta toshe ta da tsohon zani. Ta tagar kicin ɗin nan ce da can take miƙa wuya su yi ta hira da Zumreta, ruwa na gudu a tsakaninsu, har abinci ya kama.

Ya zauna yana tauna, idonsa na kan tsagar.

"Ban kira ka don in roƙe ka ba," ta ce. "Ni ma ina ganin murhun daga nan. Har gaishe shi nake yi, in ba ka sani ba. Amma faɗa mini, Ragib, da tana raye ta ga murhunta yana rusa mini kicin, da me za ta jefe ka?"

Ya juya ya kalli murhun ta taga.

"Da ludayi," ya ce a hankali. "Ba ta kuskure."

Washegari shi da kansa ya cire dannin lambunsa, ya aika a kira Almasa. Katafila ta shiga ta taka masa albasa, bai ko kalla ba. Aka fara zaro kaya daga gaɓa ana lodawa a mota, mu kuma muna tsaye muna shaida su ɗaya-ɗaya kamar 'yan uwa sun dawo daga tafiya. Da aka zo kan murhun ya ɗaga hannu.

"Yaro, a hankali. Mace ce."

Direban ya yi iya ƙoƙarinsa. Amma tsatsa ta riga ta cinye shi, fuskar ce kawai ta rage fara. Ana ɗagawa ya wargaje, laka ta zubo daga cikinsa. Babu abin da mutum zai ɗauka ya adana. Baffa Ragib ya bi motar da ƙafa har ƙarshen layi, sannan ya dawo.

Aikin ya yi kyau, ba ƙarya. Gaɓa ta kwanta, itatuwa sun kama, an tallafe kicin ɗin Munevera da ginshiƙi. Ruwan bana ya zo ya wuce bai taɓa kowa ba. Shi kuwa yana nan yana sauka da hantsi, ya tsaya nan, ya matsa can, duwatsun duk iri ɗaya, ya rasa inda zai fuskanta.

"Me ka yar a ruwan?" Munevera ta tambaye shi rannan ta taga.

"Ba komai. Wucewa kawai yake yi yanzu, ba ya tsayawa ya gaisa da kowa."

"To kai ka gaishe ni mana, tsohon banza."

"Ina kwana," ya ce, idonsa na kan ruwa.