Fatar da Na Ce Ba Ta Yi Ba

Har gobe ban manta da safiyar Litinin ɗin da wata baƙuwa ta shiga tantin da muka ɗinka, ta fito ranta a ɓace ba.

Lokacin ina shekara ta shida da fara duba ingancin fata a wata masana'anta a bayan garin Guangzhou, a ƙasar Sin. Fatar da ban buga wa hatimi ba, ba ta isa hannun maɗinka. Ni jikan majema ne daga Kano, kuma ina ji da kaina.

Baƙuwar malamar makaranta ce 'yar ƙabilar Inuit, daga can ƙuryar arewacin Kanada. Ta ba mu aikin tanti irin wanda kakanninta ke kafawa idan ƙanƙara ta narke, don ta koyar da yara. Su da fatar dabbar teku suke yi, mu muka yi da ta shanu. Zanenta ya ce a bar wa bayan tantin gashinsa, gaban kuwa a kankare shi siriri. Da aka kawo mini fatun gaba, na ɗaga ɗaya, sai ga inuwar yatsuna. Na ce wannan ai sai kalangu! Ban tambayi kowa ba, na sa aka musanya da masu kauri.

"Ina hasken?" in ji baƙuwar da ta fito daga tantin. "Fatar gaba ita ce tagarmu, da ita mata ke ganin ɗinki. Wannan rami ne."

Laoban, wato maigidanmu, ya juyo. "Musa, wa ya canza?"

"Ni ne."

"Kwantena ranar Juma'a. In ba ta karɓa ba, meyo aiki."

Babu aiki ke nan, takardar zamana a ƙasar kuwa ta hannunsa take fitowa.

Kwana uku ban ga ta zama ba. Da hannuna na riƙa kankare fatun gaban, garin sauri na ɓarka biyu, abinci ma a tsaye nake ci. Ranar Alhamis baƙuwar ta sake shiga tantin, ina ta safa da marwa a waje. Can ta ce, "Shigo."

Ciki ya haskaka, ruwan zuma, har ina ganin ƙwallar da ke idonta. Ta ce haka ɗakin kakarta yake, sannan ta sa hannu a takarda.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in kun ga abin da ya saɓa wa saninku a zanen mai kaya, ku tambaya kafin ku gyara. Ni na san fata, amma ban taɓa kwana a cikinta ba.