Kafintan Da Ya Raba Maigidana Da Sigari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Safar, Allah ya karɓi ran makwabcinmu, wanda manya da yara a layinmu suke kira Kafinta, ni kuma nake ce masa Yaya. Ya rasu a asibiti bayan doguwar jinyar ciwon huhu. Ya bar matarsa da 'ya'ya da jikoki, ya kuma bar wasu magidanta da ba jininsa ba ne, amma suka yi kuka a bainar jama'a ba su ji kunya ba. Maigidana yana cikinsu.

Yaya, ka san ni ba mai yawan magana ba ce. Tun muna makarantar allo aka hore mu kada mu ba da shaidar abin da ba mu gani ba, ba mu ji ba. Saboda haka abin da zan faɗa a nan, ko dai idona ya gani, ko kunnena ya ji. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin girkina da shagonka. Allah ya gani ba laɓe nake yi ba, katangar ce ba ta da kauri.

Lokacin da muka tare a layin nan, maigidana, wanda direban babbar mota ne, ba ya iya karya kumallo sai ya fara kunna sigari. Na yi nasiha, na yi fushi, na ɓoye ashana, na yi addu'a. Tarinsa ke tashinmu sallar asuba. Rigunansa duk sun huhhuje da tartsatsin wuta, ƙaramar 'yarmu kuwa in ya miƙa hannu zai ɗauke ta sai ta kau da fuska. Wannan kau da fuskar ya fi duk maganata yi masa ciwo, amma bai iya bari ba.

Kai ba ka taɓa yi masa wa'azi ba. Abin da na fara ji ka ce masa shi ne: "Direba, salansar motarka ta fi ka kunya. Ita ta baya take fitar da nata hayaƙin." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa sai ka ce masa kai ma ka sha ta tun kana saurayi har furfura ta fara fito maka, kuma har gobe in ka ji warinta yawunka tsinkewa yake yi. Ka ce duk sa'ad da ta kira shi, kada ya tsaya gardama da ita shi kaɗai, ya shigo shago.

Ga yadda kake yi. Duk wanda sha'awarta ta taso masa ya shigo, ba ka tambayarsa komai. Sai ka miƙa masa katako da samfefa, takardar nan mai kaushi da ake goge katako da ita, ka ce: "Goga har ta wuce." Hannu ɗaya ya danne katako, ɗaya yana guga, babu hannun da zai riƙe kara. Ƙasa kuma cike take da garin katako, ba mai hankalin da zai ƙyasta ashana a wurin. Yana guga kana jan sa da hira, har abin ya sake shi. A haka suka taru: maigidana, da Birkila, da wani malamin makaranta da kuke ce wa Tica, da Maigadin asibiti. Wanda ya zame ya koma ya sha, in ya dawo ba a yi masa gori. Sai dai ka zaɓo masa katakon da ya fi kowanne kaushi, sauran su yi ta yi masa dariya, shi ma ya taya su.

Ba zan manta ranar da Birkila ya shigo a fusace ba, bayan sun yi cacar baki da mai ginin da yake yi wa aiki. Ya kama ƙafar wata kujera da aka ba ka aikinta, ya yi ta dirza har ta koma kamar sandar makiyayi. Tica ya ce: "Kai Birkila, kujera aka ce, ba asuwaki ba!" Kai kuwa ka ɗaga ƙafar ka duba, ka ce: "Ku ƙyale shi. Gara ƙafar kujera ta rame da ƙirjinsa ya rame." Ka zauna ka sassaƙa wata, ba ka ƙara tayar da zancen ba.

Shekaru sun shuɗe rabon maigidana da sigari. 'Yar da take kau da fuska, yanzu ita ke rugawa ta tare shi a bakin ƙofa.

To, yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban saba ba. Ana zaune ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidanka, mai tiredar bakin layi, wanda a wurinsa dukanku kuka riƙa sayen sigari a da, ya buɗe baki ya ce: "Allah sarki Kafinta. Ga shi ya bar ta, ita ba ta bar shi ba. To ina amfanin wahalar?" Na ji da kunnena, ina fitowa daga wajen matarka. Na ga maigidana ya sunkuyar da kai. Da yamma ya shigo gida, tun kafin ya yi sallama na ji warin da na yi shekaru ban ji ba.

Ban tanka a wurin ba, saboda ba wurin magana ba ne. Amma ba zan haɗiye ta ba. Malam mai tireda, ni ba malama ba ce, ba zan yanke maka hukunci ba. Ajali na Allah ne, ban isa in ce barin sigari ya ƙara wa Yaya ko da numfashi ɗaya ba. Sai dai likita ya gaya wa matarsa, ita kuma ta gaya mini, cewa ɓarnar da ta ci huhunsa tsohuwa ce, ta shekarun da yake zuwa tiredarka. Shekarun da ya yi bayan nan kuwa, mu muka gan su. Ya goya jikokinsa a kafaɗa ba su toshe hanci ba. Ya tsaya a sahu ba wanda ya matsa gefe. Ya janye maza huɗu daga bakin tagarka, ya mayar da su ga iyalansu. In kana tambayar amfanin, zo gidana ka tambayi 'yata. Kuma ka yi haƙuri in faɗa maka: wanda ya haƙa rijiya bai kamata ya yi wa wanda ya fito daga cikinta dariyar jiƙewa ba.

Maigidana ya ba ni izinin faɗin abin da ya biyo baya. Da kansa ya same ni ya ce: "Na sha kara ɗaya. Na ga kamar tunda shi ya tafi, shi ke nan." Ban ɗaga murya ba. Na ce masa: "Baban yara, kai da ka fi su daɗewa da bari ka zame, yaya kake jin Birkila yake ciki yanzu?" Ya dube ni, ya zura takalmi ya fita. Ashe kuwa a bakin tireda ya iske Birkila tsaye, ya kasa saye, ya kasa tafiya. Ya kamo hannunsa ya kawo shi ƙofar gidanmu inda motar take. Shago a rufe, shi kuma bai iya aikin katako ba. Sai ya leƙo ya ce in miƙo bokiti da sabulu.

Yaya, da ka ga motar nan da ka yi dariya. Tunda aka ƙera ta ba ta taɓa shan wanka irin na kwanakin nan ba. Tica ya zo, Maigadi ya zo, har da wani mai walda da ban san shi ba, wanda ya ce ya daɗe yana son shiga shagonka kunya ta hana shi. Hannu cikin kumfa ba ya ƙyasta ashana. Ban ce an gama ba. Jiya ma Birkila ya zo idonsa jawur, ya wanke taya ɗaya har sau ban san adadi ba. Amma ya zo, kuma ya tafi gida bakinsa ba wari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, yayata kuma abokiyar shawarata, wadda ta yi jinyarka ba ta taɓa cewa ta gaji ba, da 'ya'yanka da jikokinka da 'yan'uwanka baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a inda marigayin yake tsaya muku.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Kafinta, ka yafe masa kurakuransa, ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya yalwata ƙirjin bayinka. Ka ƙarfafi waɗanda ya bari, in sun zame ka ba su wanda zai kama hannunsu. Mai tireda kuma, ya Allah, ba na yi masa mugun fata. Ka buɗa masa kasuwa ta wata hajar mai albarka, har ya wayi gari kwalayen sigarin nan sun yi ƙura a kan kanta, ba mai tambayarsu a layinmu. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.