Furera, Fayilolin Ba Su Daina Shigowa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Furera Sha'aibu, jami'ar tattara bayanai a cibiyarmu ta lafiya da ke Gyadi-Gyadi. An yi mata sutura a Daurawa bayan la'asar.

Yaya Furera, ni ce Zahra'u, wadda teburinta ke jikin naki. Har yau ban iya zama a kujerarki ba.

Aikinki shi ne jawo fayilolin marasa lafiya ki haɗa su wuri guda. Wasu suna cikin kwamfutar ofis, wasu kina janyo su daga saba, wato kwamfutar ajiyar bayanai, ta ƙananan asibitoci na nesa, sauran kuma daga ma'ajiyar intanet, inda ma'aikatan unguwanni ke ɗora su da wayoyinsu. Kowanne da halinsa. Wani ya juya kwanan wata, wani ya bar gurbin shekaru fayau. Ban taɓa ganin kin goge layi don ya ba ki wahala ba. Sai ki ɗauki waya ki nemi wanda ya rubuta, ki fara da tambayar iyalinsa kafin ki zo kan kuskuren. Ɗaliban aikin jinya da ke zuwa koyon aiki ba sa barin teburinki, domin a nan ake samun bayani a tsanake da ɗanwaken da kike rabawa.

Da damina ta kankama ne na ga fara'arki ta ragu. Duk fayil ɗin da kika shigar, sai ga amai da gudawa sun ƙaru, kuma akasari daga gefe guda, can bayan Hotoro. Kika kai rahoto, aka fara shirin kai ɗauki. Ana cikin haka wani ƙaramin asibiti a yankin ya daina turo komai. Sabarsu ba ta amsawa, wayar ma'aikacinsu Murtala a kashe. Na ce ƙila matsalar wuta ce. Kika girgiza kai.

"Zahra'u, ba yawan adadin ke ba ni tsoro ba. Shirun nan ne."

Kika ɗauki filashin kwafar bayanai kika hau adaidaita zuwa asibitin. Kika tarar Murtala kansa yana kwance, marasa lafiya har a baranda. Aka ce sai da kika taya riƙe ledar ƙarin ruwa kafin ki kwafi fayil ɗin. Da shi aka san inda za a fara kai magani. Kin shigar da shi da hannunki, kina cewa cikinki na juyawa. Ashe cutar ta kama ki a can. Wannan ne zamanki na ƙarshe a ofis.

Tsarin da kika kafa yana nan yana jawo fayiloli kowace safiya. Ni nake buɗe su yanzu. Adadin bai sauka ba, kuma jiya na ga sunan wata unguwa a Tarauni da ba ta taɓa fitowa ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya ba ki ladan shahada. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Malam Ja'afar, da 'ya'yanki Al-Amin da Hafsa, da Inna Jummai da ta haife ki. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu da muka rage, Allah Ya tsare mu daga abin da ke tafe, Ya sa mu cika da imani. Amin.