Layin da Na Goge a Takardar Yaya Hamisu

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Hamisu, kuma har gobe in ana lissafin manyan Agege ban ga dalilin da zai sa a tsallake ni ba. Ku tambaya daga bakin layin dogo har Mile 12: wa ya taɓa zama a kujerar roba, da kofin shayi a hannu, ya aika wa kumbon da ke kewaya duniyar Mars saƙo, kumbon ya juyo da idonsa ya ɗauko abin da aka ce masa? Ni ne, Sule mai fotokwafi. Na ba da labarin nan a wurin ɗaurin aure, na ba da shi a cikin motar haya ta danfo, na taɓa ba wani likita shi yana tsakiyar cire mini haƙori. Abin da ban taɓa bayarwa ba shi ne rabinsa na biyu, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Yaya Hamisu ɗan kamasho ne a kasuwar Mile 12. In manyan motoci sun sauke tumatir da albasa za su koma Arewa, shi ke haɗa musu lodi: wane kaya zai hau wace mota, wanne zai jira. Shekara talatin ya yi yana wannan aiki, ban taɓa jin direba ya ce ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfin taya ba. Ni da shi uwa ɗaya uba ɗaya, amma kamar an raba mana gado tun a ciki: shi ya ɗauki awo, ni na ɗauki ƙari. In ya ce mutum goma ne suka zo, je ka ƙirga, goma ne. In ni na ce goma, to ka nemi ukun.

Abin da mutanen kasuwa ba su sani ba, mutumin nan yana da wani ciwo a zuciya, ciwon kwazazzabo. A garinmu akwai wani da ya cinye gonar mahaifinmu kaɗan-kaɗan, tun muna yara. Kowace damina Yaya yakan kafa turke a bakinsa ya auna takun da ya ci. Ya zo Legas da wannan ɗabi'a. Da 'yarsa Rukayya ta shiga jami'a tana karatun safiyo, wato awon ƙasa, sai ta zo hutu da wani hoto, ta ce, "Baba, ga irin kwazazzabonka a duniyar da ba a ruwan sama." Daga ranar Yaya bai sake zama lafiya ba. In babu damina, me ke haƙa su? Rukayya ta ce masana na zargin wata farar ƙanƙara da ke kwanciya a gangare lokacin sanyi, in ta tashi sai ta zame da ƙasa. Ta kuma gaya masa cewa masu kula da kyamarar kumbon sun buɗe ƙofa a intanet: kowa, ko daga ina yake, yana iya cika fom ya roƙi a ɗauko masa hoton wani wuri. In roƙon ya yi ma'ana, kuma an sami sarari, sai a ɗauka.

Wata huɗu ya yi yana shirya roƙon nan. Rukayya ta koma makaranta, idonsa kuma ciwon suga ya fara cinye shi, ba ya iya kallon fuskar kwamfuta. Saboda haka kullum bayan la'asar yakan hau mota daga Ketu ya sauka a shagona, in bugo masa taswira da manyan haruffa, ya zauna da gilashin ƙara girma da wani littafi mai baƙin bango. Ya zaɓi gangare ɗaya a cikin wani rami mai kama da ƙwarya, can kudancin duniyar. Ya fitar da lambobin wurin. Ya auna tsawon yankin da yake so, ya rage, ya sake ragewa. Ni kuwa ina gefe ina zuga shi ya nemi a ɗauko rabin duniyar gaba ɗaya, tunda kyauta ne.

Amsar da ya ba ni ita ce mafi tsawon maganar da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce, "Sule, kumbon nan mota ce. Hanyarta ɗaya, ba ta ratsewa don kai. Abin da za ta iya ɗaukowa a sawu guda ƙayyadadde ne, masu kaya kuma sun yi layi, manyan malamai a gaba. Wanda ya zo da ƙaramin ƙunshi, ya san inda za a sauke shi, ya san ranar, shi ake cusa wa nasa a lungu. Mai cewa a ba shi mota sukutum, a tasha yake kwana."

A fom ɗin akwai gurbin dalili, ya rubuta layi uku kacal. Akwai kuma gurbin lokaci, inda mutum zai faɗi a wane yanayi na shekarar Mars yake so a ɗauka. Nan Yaya ya fi daɗewa. Shi ba gangaren kawai yake so ba, yana son sa a ƙarshen sanyi, daidai lokacin da ƙanƙara ke janyewa, rana tana ƙasa-ƙasa, inuwa ta fito da kowace tsaga. Shekarar can kuma ta kusa biyun tamu. Da ya gama lissafi sai ya ga lokacin bai daɗe da wucewa ba, sai an jira fiye da shekara kafin ya dawo. Ya ce ba komai, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ya miƙo mini littafin, ya ce in saka abin da ke ciki, ya tafi sallar magariba.

To ga inda ni na shigo. Tun kafin a cika fom na riga na shaida wa majalisarmu ta bakin masallaci cewa hoton zai iso kafin babbar salla. Na ce ma za a sa sunan gidanmu a jikin dutse. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Da na ga layin nan na lokaci zai sa in shekara ana yi mini dariya, sai na ce a raina: hoto ai hoto ne, wuri bai canza ba, me zai sa a ɗauki abu cikin inuwa alhali ga rana? Na saka lambobin wuri daidai. Na saka dalili daidai, ko “Farfesa” ɗin da na yi niyyar ƙara wa sunansa na haƙura. Da na zo layin lokaci, na rubuta shi, na dube shi, na goge. Na zaɓi “kowane lokaci”. Na danna, ya tafi.

Salla ta wuce ba hoto, aka yi mini dariyar da nake gudu. Amma bayan wasu watanni saƙo ya shigo imel ɗin shago cewa an ɗauka. Ran nan Agege ta san da ni. Na bugo hoton a takarda mafi girma da injina ke iya ɗauka, na yi ta yawo da shi har mai sayar da amala ta maƙwabta ta tambaya ko fili na saya. Yaya ya zo, ya shimfiɗa shi a kan tebur, ya ɗora gilashinsa. An ɗauke shi ne a tsakiyar zafin can, rana a sama, gangaren ya fito fes kamar bayan faranti. Ba ƙanƙara, ba inuwa, ba sabuwar tsaga. Ya daɗe yana bin sa da yatsa. Sannan ya ɗago ya ce, "Sule, abin da na rubuta ka saka?"

Na ce, "Harafi da harafi, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ni ne na yi kuskure."

Ko sau ɗaya bai sake tambayata ba. Mutumin da ba ya ƙarya ba ya saurin zargin ta ga wani, ballantana ƙaninsa. Bayanin lokacin da aka ɗauki hoton yana nan a kwamfuta da ƙananan haruffa, ni ne idonsa, ban karanta masa ba. Ya koma ga littafinsa yana neman inda ya ɓata. Wata ashirin ya rayu bayan wannan rana, kuma matarsa Hajiya Lami ta ce har asibiti da littafin aka tafi. Na ce masa mu sake aikawa mana, don in gyara a ɓoye. Ya ce a'a, ba zai sake tare wa malamai layi ba sai ya gano kuskurensa. Abin da ya fi ci mini rai, ƙarshen sanyin da ya lissafa ya zo ya wuce yana raye, idonsa na dama kuma bai gama rufewa ba. Da na bar layin nan yadda yake, da wataƙila ya gani. Da-na-sani ƙeya ce.

Sau nawa na shirya gaya masa? Na taɓa hawa okada musamman, na isa gidansa, na zauna, na buɗe baki, sai na ji ina ba shi labarin wani ɓera da na ce ya kai akuya. Ya yi dariya har da tari. Na dawo gida ina gaya wa kaina ai na faranta masa. Ban dariya sana'a ce mai kyau, amma wani lokaci bargo ne da matsoraci ke lulluɓa da shi.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu kowane ɗan dako a Mile 12 yana da waya a aljihu, wadda ta fi kwamfutar da muka yi aikin nan da ita. Kwanan baya wani ya nuno mini hoton Mars da raƙuma a ciki da masallaci, inji ne ya ƙirƙira shi cikin ƙiftawar ido, mutane suna ta turawa suna kabbara. Yaya zai karɓi wayar, ya matso da ita kusa da ido, ya tambaya: wa ya nema, a ina, a wane lokaci? In ba amsa, ya mayar maka da abinka. Mun shiga zamanin da kowa ya zama ni, ana ƙari a kan komai, masu awo irinsa kuma suna ƙarewa. Ban taɓa zaton zan ga ranar da sana'ata za ta yi arha haka ba, har ta fara ba ni tsoro.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa shekara biyar ya ƙara bayan rasuwar Yaya kafin a kai ƙarshensa. Rukayya ta gama karatu, ta yi aure, tana aikin awon filaye. Wata rana ta shigo shagona da littafin nan mai baƙin bango, ta ce ta bi lissafin babanta sau uku ba ta ga kuskure ba, in buɗe mata tsohon roƙon ta gani. Na ce an ɗauke wuta. Ta dubi fanka tana juyawa. Na buɗe. Ta karanta, ta dubi littafi, ta sake karantawa. Ba ta ɗaga murya ba, 'yar babanta ce. Cewa kawai ta yi, "Baffa, matsa." Na tashi daga kujerar da nake taƙama da ita, ta zauna, ta saka komai yadda yake a rubuce, da sunan Hamisu.

Ba mu da tabbacin za a amsa, roƙo ne ba umarni ba, duk da abin da na yi shekaru ina faɗa. Muka jira fiye da shekara, wannan karon ban gaya wa kowa ba, kuma Allah ne shaida wannan shirun ya fi azumi wuya. Bana hoton ya iso. Ga farar ƙanƙara ta maƙale a lungunan gangaren, ga inuwa ta ja dogon layi, ga wata siririyar tsaga mai duhu ta gangaro daidai gefen da Yaya ya zagaye da jan biro. Ni ba masani ba ne, ba zan ce ga abin da ta tabbatar ba. Abin da na sani shi ne mutumin ya ce a duba nan, a wannan lokaci, kuma da aka duba akwai abin gani.

In an tambaye ni me ya rage na Yaya Hamisu, ba gida ba ne, haya ya zauna har ya rasu. Ba suna ba ne, ba a sa shi a jikin dutse ba. Direbobi sun rage masu cewa lodinsa ba ya faɗuwa. 'Ya ta rage wadda ba ta yarda da “kusan daidai”. Sai kuma littafi guda wanda babu kuskure a cikinsa, mai shi kuwa ya tafi kabari yana zaton akwai. Wannan na ƙarshen ni na ɗora masa, kuma babu fom ɗin da zan cika a sauke. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, ni kuma Ya yafe mini.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka kai wa Hajiya Lami hotunan biyu, tsoho da sabo. Rukayya ta jera su, tana nuna wa uwarta cewa tsagar nan babu ita a na farko, don haka tsohon ma ya yi amfani, da shi aka gane sabuwa ce. Mai hali ba ya fasa halinsa. Kafin in ankara na gyara hula, na ce, "To kun gani! Ashe ni hangen nesa na yi. Ba don ni ba, da me za a gwada?"

Tsakanina da Hajiya Lami akwai wasan ƙanin miji, shekara talatin muna tsokanar juna, ban taɓa barin ta ta yi ta ƙarshe ba. Ta naɗe tsohon hoton a hankali, ta miƙo mini.

Ta ce, "Sule, tun da na shigo gidanku bakinka bai taɓa rufuwa ba. Wata ashirin yayanka ya yi yana neman kalma ɗaya, tana bakinka. A nan ne kaɗai ka iya shiru."