Madarar Ranar Juma'a

A shekarata ta uku a jami'a aka tura mu horon sanin makamar aiki na wata shida. Ni na faɗa wani babban kamfanin garin sabulu. Kullum da sassafe nake fitowa daga gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, in tsaya bakin titi har motar ma'aikata ta zo ta kwashe mu. Sharaɗin makaranta guda ɗaya ne: manajan da aka haɗa ka da shi ya sa hannu a littafinka ranar ƙarshe. In babu wannan, sai ka maimaita horon baɗi, 'yan ajinku su wuce su bar ka.

Manajan ma'aikata ya lura ba ni da surutu, rubutuna kuma tsaf, sai ya ajiye ni a kusurwar ofishinsa, ya miƙo mini rajistar zuwa aiki. Ya ce fashin aiki ya ishe shi, in bincika in rubuto masa dalili.

Na duƙufa. Na raba masu fashin sashe-sashe, ina bin jan biron da ake yi wa sunan wanda bai zo ba. Masu lodi, masu gadi da 'yan ofis da wuya su yi fashi. Jan biron ya taru ne a ɗakin ɗura gari a leda, inda mata ke yini cikin farar ƙura, fankar da ke zuƙe ta kuwa ta daɗe da mutuwa. Takunkumin hanci yana kwali a sito, sai ranar da baƙi za su zagaya ake fito da shi. Abin da kamfani ke bayarwa ba fashi shi ne madarar gwangwani biyu duk Juma'a, wai tana wanke ƙirji.

A cikin matan akwai wata dattijuwa 'yar Kudancin Kaduna, mazauniyar Tarauni, wadda kowa ke kira Mama. Ita take kama mini kujera a mota, don ta gane ba zan iya turereniya ba. Da ta kwana huɗu ba ta zo ba, na je gidanta ranar Asabar da la'asar. Na same ta a ƙofar ɗaki, numfashinta yana fito kamar usur.

“'Yar boko, ke ce mai jan biron nan? An turo ki ki gani ko ƙarya nake?”

“A'a Mama, dubiya na zo.”

“To duba. Ƙirji ya zama injin markaɗe.”

Na tambaye ta ko tana shan madarar. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

“Na sha har na ƙosa, ban ga abin da ta wanke ba. Yanzu jikokina ke shan shayi da ita. Su dai ta karɓe su, dubi kumatu.”

Na yi kwanaki ina bin littattafai a laburare don kada in rubuta abin da ban tabbatar ba. Maganar ba ta da wuya: madara ciki take tafiya, ƙura kuma huhu. Haka na rubuta a shafi na uku na rahotona.

Manaja ya karanta a tsaye. Ya cire tabarau.

“Malama, wa ya ce ki zama likita? Matan nan ba sa shan madararsu, gida suke kaiwa. Ga biki, ga suna, ga coci, su ke hana su zuwa aiki. Shi za ki rubuta.”

Ya jefa littafina na horo a durowa ya kulle. “Ranar da kika cire shafi na uku, ki zo ki karɓi sa hannu.”

A gida Baba ya ce in cire, shekara guda ba abin wasa ba ce, kuma kamfanin ba na ubana ba ne. Ban yi masa musu ba, ban taɓa yi ba. Amma duk lokacin da na zauna zan goge shafin, sai in sake karanta shi layi-layi ina neman inda na yi ƙarya, in rasa.

Ranar ƙarshe na shiga ofishin, idona a kan takalmina, na ajiye rahoton.

“Kin gyara?”

“Na gyara, Yallaɓai. Na manta ban sa maganar fankar da ta mutu ba. Na ƙara ta.”

Ƙasa-ƙasa na faɗa, har sai da ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya buɗe durowa, ya turo mini littafin ta kan tebur, gurbin sa hannun fari fat.

Malaminmu mai kula da horo ya karanta rahoton duka. Ya ce dokar makaranta ba ta hannunsa, amma in na rubuta takardar ban-haƙuri zai kai wa manajan da kansa, wataƙila a sa hannun. Ya ba ni takarda da biro. Na zauna a gabansa kusan rabin awa, sannan na mayar masa da ita babu komai. Na ce ban san laifin da zan rubuta a ciki ba.

Da shekara ta zagayo na sake horon a wani kamfanin ruwan leda a Hotoro, tare da 'yan ajin da ke bayana.