Sandar Sarkin Rasha

Gidanmu a unguwar Utaibiyya ta Makka, a shekarun yaƙin duniya, rumfa biyu ce ta kwano, tabarma ce kawai ta raba su. Babanmu ɗan ga-ruwa ne, yana rataya garwa biyu a wata sanda mai ƙugiyar ƙarfe, ya yini yana hawan duwatsun Makka. Mutum ne mai neman halal, amma zuciyarsa a kusa take, kuma duk ranar da ta tashi, a jikin yayana Habu sandar nan take sauka.

Iya, kakarmu, ba ta iya tanka masa. Shi ne ɗanta na fari, kuma kunyar ɗan fari da ta taho da ita a ƙafa tun daga Kano ba ta bar ta a hanya ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa.

Wata rana Habu ya yi tuntuɓe ya kifar da garwa a ƙofar gida. Baba ya kai masa sanda, ƙugiyar ta tsaga bayan kunnensa. Na ga jini ya jiƙa wuyan rigarsa, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Bayan magariba Iya ta hura gawayi, ta kwantar da kan Habu a cinyarta. Baba yana bayan tabarma, muna jin numfashinsa.

"Matso, Rabi," in ji ta. "Ta yau ba ta Gizo ba ce. Matar Buhari mai gasa burodi ce ta ba ni ita, ta ce da gaske aka yi."

Iya da muka sani da ƙasa-ƙasa da murya, ran nan sai ta ɗaga ta. Ta ce an yi wani sarki a Rasha wanda ƙasarsa ta fi ta kowa faɗi. Tun yana yaro yake jefo karnuka daga kan soro. Da ya girma, in ya yi fushi da bafade, sai a ɗinke shi cikin fatar dabba a sakar masa karnukan farauta. Ya taɓa zargin wani gari da cin amana, ya sa aka riƙa ɗaure iyaye da 'ya'yansu ana jefawa cikin kogin ƙanƙara. Kullum yana riƙe da sanda mai bakin ƙarfe, babu mai iya ce masa bari.

"Ɗa ɗaya yake ji da shi, magajinsa. Ran nan suka yi sa-in-sa, sarki ya ɗaga sanda. Ba kashe shi ya yi niyya ba, wallahi. Hannu ne ya saba." Ta ɗora yatsa a gefen kan Habu. "Nan ta same shi."

Sarki ya zube ya rungume ɗansa, yana toshe raunin da tafin hannu, jini na bi ta tsakanin yatsunsa. Ya kira duk masu maganin ƙasarsa. Bayan 'yan kwanaki yaron ya cika.

"To sai me aka yi wa sarkin?" na tambaya.

"Ba a yi masa komai ba, 'yar nan. An bar shi da ransa."

Ba ta rufe da ƙurunƙus kan kusu ba. Can sai tabarma ta motsa. Baba ya fito, bai kalli uwarsa ba, ita ma ta kau da kai. Ya durƙusa ya juya kan Habu wajen hasken gawayi, ya daɗe yana duba raunin. Tun daga ran nan a waje yake jingine sandar kafin ya shigo, ko da za a sace.

Na girma ina jin haushin Iya, ina cewa wace irin kunya ce za ta hana uwa tsawata wa ɗanta. Sai da na haifi nawa na gane ta tsawata masa, a gabanmu kuwa, ba tare da ta zubar masa da girma ba. Amma ta makara da yini ɗaya, kuma ta sani. Kunnen Habu na hagu bai sake ji ba. Har ta rasu, in za ta ba da tatsuniya, sai ta tashi da kanta, da ciwon gwiwarta, ta koma ta damansa ta zauna.